Dashen ɓargo ga mai sikila: wa ke cikin haɗari, mai bayarwa ko mai karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni uwa ce a Zariya, 'ya'yana biyar. Ta ukunsu shekararta tara, tana da amosanin jini. Bana kaɗai sau huɗu ana kwantar da mu, sau biyu ana yi mata ƙarin jini. An ce mana ana rabuwa da ciwon idan aka yi dashen ɓargo, kuma wai yayanta mai shekara 15 zai iya ba ta. Mahaifinsu ya ce atafau ba za a taɓa bayan ɗansa ba, kada garin neman lafiyar ɗaya a nakasa ɗaya, ko a hana shi haihuwa. Ga kuma ƙanena da ke karatu a Ingila, ya ce an je makarantarsu ana neman baƙaƙen fata su yi rajistar ba da ɓargo, yana tambaya ko ya shiga. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Wanda bai taɓa kwana a gefen gadon mai sikila ba, yana jin ta tana kukan ƙashi har asuba, ba zai gane abin da ya sa uwa take bin kowane labarin magani ba.

Gaskiya ne ana warkewa. Dashen ɓargo yana raba mutum da amosanin jini, kuma an fi shekara 40 da sanin haka. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka mai sankarar jini, wadda kuma take da sikila. An yi mata dashe don sankarar, sai aka wayi gari sikilar ma ta tafi. Maigida kuma bai yi laifi ba da ya ji tsoro, sai dai ya ɗora tsoron a kan wanda ba shi ke cikin haɗarin ba. Yaron da zai bayar ɗan abin da zai sha kaɗan ne. Yarinyar da za ta karɓa, ita ce za ta hau tudu.

Mu fara da abin da ya hana Alhaji barci. Mutane da yawa suna haɗa ɓargo da laka, alhali ko mahauci ya san ba ɗaya ba ne. Idan an yanka rago, ɓargo shi ne abin da ake tsotsa a cikin ƙashi. Laka kuwa ita ce farar igiyar nan da ta ratsa ta tsakiyar ƙashin gadon baya, daga ƙeya zuwa ƙasa. Ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ita ce idan ta taɓu a haɗarin mota mutum yake shanyewa. Ba a zuwa kusa da ita wajen ɗibar ɓargo. Daga faffaɗan ƙashin ƙugu ake ɗiba, ta baya, daidai inda mutum kan dafa da hannu biyu idan ya gaji da tsayuwa. Ita lakar ma tun a sama da nan ta ƙare. Batun haihuwa kuma, maniyyi a 'ya'yan maraina ake yin sa, ba shi da wata hanya da ta bi ta ɓargon ƙugu. Mai bayarwa ba ya rasa haihuwa, ba ya rasa ƙarfin namiji.

To mene ne aikin ɓargon? Shi ne gonar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da za mu iya kira irin jini, domin daga gare su komai ke tsirowa: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan nan masu tsayar da zubar jini. A kowace daƙiƙa ɓargon babban mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyi fiye da miliyan 2. Na mai lafiya suna kai kwana 120 suna aiki. Na mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa ƙarin jini ba ya raba ta da ciwon: tamkar an ranto hatsi ne daga maƙwabta, ana ci zai ƙare, gonar gida kuma tana nan tana ba da abin da ta saba. Dashe shi ne a canza irin gaba ɗaya.

Wanda ya fara kiran aikin nan "dashe" da Hausa ya iya magana, don kusan haka yake da dashen albasa ko shinkafa. Ana share gona, a kawo 'ya'yan shuka daga wani wuri, a jira a ga ko za su kama. Ita mai karɓa ba da tiyata ake sa mata ɓargon ba. A leda ake kawo ɓargon, ja kamar jini, a ɗaura mata ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemi cikin ƙashi su zauna. Bayan mako biyu zuwa huɗu sai a fara ganin sabon jini a gwaji.

Sai dai ba ɓargon kowa jiki ke karɓa ba, kuma a nan ne zancen yayanta yake buƙatar gyara. Kasancewarsa ɗan'uwanta bai isa ba, haka rukunin jini na A ko B ko O ba shi ake dubawa ba. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin kowane mutum da likitoci ke kira HLA. Ki ɗauke su kamar tsagar gado da kakanninmu ke yi a fuska, wadda da ita ake gane Bagobiri da Bakabe ko a tsakiyar kasuwa. Garkuwar jiki tsagar nan take dubawa. Wanda ta ga tsagarsa irin ta gida ce sai ta ƙyale shi, wanda ta ga baƙuwar tsaga sai ta far masa. Kowane ɗa yana gadon rabin tsagar daga uwa, rabi daga uba. Uwa tana da kashi biyu da za ta iya bayarwa, uba ma biyu, saboda haka hanyoyi huɗu ne. Ke nan tsakanin shaƙiƙai biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, damar su dace cif ita ce ɗaya cikin huɗu.

Ga mai sikila akwai ƙarin sharaɗi, dole mai bayarwar kada shi ma ya zama SS. Mai AA zai iya, mai AS ma zai iya, wannan kada ya dame ki. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, damar kowane ɗan'uwa ɗaya ta koma wajen kashi 19 cikin 100. Ke da kike da wasu huɗu ban da ita, idan duk mahaifinsu ɗaya, lissafi ya nuna damar a samu ko da ɗaya a cikinsu ta ɗan haura rabi. Don haka kada a ɗora ido a kan babban kaɗai, a gwada su duka huɗun. Wataƙila autar da ba wanda ya kawo a rai ita ce za ta dace. Wannan wani alheri ne na yawan 'ya'ya da Turawa masu ɗa ɗaya ko biyu ba su da shi. 'Yan uba kuwa, 'ya'yan abokiyar zama, mafi yawa iyakarsu rabin dacewa, tunda ɓangaren uba kawai suka haɗa. Amma idan auren zumunci ne tsakaninki da Alhaji, ki faɗa wa likita, domin a irin wannan gidan akan samu uba ko uwa ko ɗan baffa ya dace fiye da yadda aka zata. Gwajin kansa jini kaɗan ne ko a goga auduga a cikin kumatu, sau da yawa a aika da shi wani ɗakin gwaji na nesa, a jira 'yan makonni.

Ga wani abu da nake roƙon ki riƙe tun yau, ko da ba a kai ga dashen ba. A asibitocinmu idan an ce a kawo jini, 'yan'uwa ake fara kira. Idan akwai niyyar dashe, kada a ƙara mata jinin 'yan'uwanta na jini, musamman wanda ake sa ran zai ba da ɓargo. Jikinta zai iya sanin jininsa tun yanzu ya tanadi makamin yaƙarsa, ranar da aka kawo ɓargonsa sai ya ƙi karɓa. A nemo jinin bare wanda aka tantance. Na sha ganin iyalai sun yi wannan kuskuren cikin ƙauna, don ba wanda ya gaya musu.

Idan aka samu wanda ya dace, ga abin da zai same shi. Za a yi masa gwaje-gwaje a tabbatar lafiyarsa ƙalau, babu ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Ranar aiki a sa shi barci, a kwantar da shi rubda ciki, a sa allura mai ɗan kauri cikin ƙashin ƙugu ana zuƙowa. Awa ɗaya ne zuwa biyu. Ba a yanka, ba a cire ƙashi, ɗan huji ne da ake rufewa da filasta. Ana auna abin da za a ɗiba da nauyin jikinsa, kuma kaɗan ne daga abin da yake da shi. Zai kwana ɗaya ko biyu a asibiti, ya yi kwanaki yana jin ƙugunsa kamar wanda ya faɗo daga kan keke, ya ɗan ji kasala, a ba shi maganin ƙarin jini. Cikin mako huɗu zuwa shida ɓargon ya mayar da abin da aka ɗiba, kamar rijiyar da aka ja guga. Ba zan ce babu haɗari sam ba, domin duk inda aka sa mutum barci akwai ɗan abin tsoro, kuma akan samu wanda ciwon ƙugun ya daɗe masa. Amma matsala babba ba kasafai ake ganin ta ba.

Akwai hanya ta biyu da ba a shiga ɗakin tiyata. Ana yi wa mai bayarwa allura kwana huɗu ko biyar, wadda ke sa irin jinin ya fito daga ƙashi ya shiga jijiya. Sai a zaunar da shi awa huɗu zuwa shida, jini na fita ta hannu ɗaya ya bi ta na'ura, ta tsince abin da ake so, sauran ya koma ta ɗaya hannun. Kwanakin allurar yakan ji ciwon ƙashi da na kai kamar mura za ta kama shi. Yawancin manya da ke bayarwa ta rajista a Turai wannan hanyar ake bi da su. Amma ga yara masu sikila likitoci sun fi son ɓargon ƙugu, don an ga ya fi zama lafiya da jikin mai karɓa. Saboda haka ɗanki, in shi ne, ta ƙugu za a fi yiwuwa a bi.

Yanzu ga tudun. Kafin a dasa sai an share gonar, kuma da magunguna masu ƙarfi ake sharar, irin waɗanda ake ba masu sankara. Kusan mako ɗaya ko fiye ana ba ta su don su kashe ɓargonta su kwantar da garkuwar jikinta. Gashi zai zube, baki zai yi gyambo har haɗiyar ruwa ta zama aiki, ga amai da gudawa. Daga nan sai kwanakin da tsohon ɓargo ya tafi sabo bai kama ba, lokacin da ba ta da mai tsaron gida ko ɗaya. Ƙwayar cutar da ba za ta sa ke atishawa ba tana iya kai ta ga halaka. Shi ya sa ake keɓe ta a ɗaki na musamman wata ɗaya ko fiye, ba 'yan dubiya, ba abincin da aka kawo daga gida a kwano. Mu da muka saba cika ɗakin majinyaci da dangi, wannan kaɗai jarrabawa ce.

Bayan ya kama, abubuwa biyu ake tsoro. Ko jikinta ya kori sabon ɓargon sikila ta dawo, ko kuma baƙon ya juyo ya far wa mai gida. Wannan na biyun yana da ban mamaki: tunda garkuwar jikin ɗan'uwanta ce ta dawo jikinta, tana iya kallon fatarta da hanjinta da hantarta a matsayin abokan gaba. Sai ƙuraje, gudawa mai tsanani, idanu su yi ɗorawa. A wasu yakan wuce da magani, a wasu yakan zama ciwon shekaru. Don hana wannan ake ba ta maganin danne garkuwa wata shida zuwa shekara, ana auna jini a kai a kai, musamman a kwana 100 na farko. Daga baya a sake mata alluran rigakafin yara tun daga farko, kamar jaririya. A ƙasarmu kuma ga sauro, dole a tsare ta daga zazzaɓin cizon sauro da gaske.

Maganar haihuwa da Alhaji ya kawo, a kan 'yar ya kamata a yi ta. Magungunan sharar nan, musamman wanda ake kira busulfan, suna lalata ƙwan mace ƙwarai, kuma da yawa daga 'yan matan da aka yi wa dashe da cikakken ƙarfin maganin ba sa samun haihuwa, wasu ma sai an taimaka musu da magani kafin su balaga. Akwai cibiyoyin da ke rage ƙarfin maganin, akwai masu ciro wani yanki na ma'ajiyar ƙwai su daskarar kafin a fara. Ki yi wannan tambayar da bakinki, kada kunya ta hana ki. Yarinya ce da wata rana za ta tambaye ku me ya sa ba a gaya mata ba.

To nawa ke tsira? A 2017 an wallafa nazari a kan masu sikila 1,000 da aka yi wa dashe daga shaƙiƙan da suka dace cif, tsakanin 1986 da 2013. Bayan shekara biyar, kimanin kashi 93 cikin 100 suna raye, kuma kusan kashi 91 suna raye babu sikila. Waɗanda aka yi wa kafin shekara 16, kashi 95 ne suka rayu, waɗanda suka haura haka kuwa kashi 81. Alƙaluman suna da daɗin ji, amma ki juya su ta ɗaya gefen: a cikin yara 20, ɗaya ya tafi sanadin aikin da aka yi don a warkar da shi, kuma a manyan cibiyoyin duniya ke nan. Sun kuma nuna shekarun 'yarki su ne lokacin da ya fi, kafin ciwon ya ci gaɓoɓi. Dashe yana tsayar da ɓarna, amma ba ya gyara wadda ta riga ta auku. Ƙashin cinyar da ya mutu ko ɓarin jikin da ya shanye ba sa dawowa don an canza ɓargo.

Wani abu da ake yawan mantawa: jininta ne zai canza, ƙwanta ba zai canza ba. Idan mai AA ya ba ta, gwaji zai riƙa nuna AA, har rukunin jininta ma yana iya komawa irin nasa. Amma duk ɗan da za ta haifa, in Allah ya ba ta, S zai gada daga gare ta. Yanzu da gwajin kafin aure ya zama ruwan dare, har Kano ta mayar da shi doka a 2024, takardar gwajinta za ta iya yaudarar kowa. Idan ta auri mai AS bisa dogaro da wannan takardar, rabin 'ya'yansu na iya zuwa da sikila. A rubuta wannan a ajiye mata.

In kin tambaye ni ra'ayina, yarinyar da aka kwantar sau huɗu a shekara ta cancanci a zauna a yi maganar dashe da gaske, kuma a gwada 'yan'uwanta. Amma kafin nan ina da tambaya: tana shan maganin sikilar nan da ake kira haidroksiyuriya kullum, a kan adadin da ya dace da nauyinta? An taɓa yi mata hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD, wanda ake so a riƙa yi wa masu sikila daga shekara 2 zuwa 16? Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna wannan maganin yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da hoton ya nuna suna cikin haɗari. Yara da yawa da iyayensu suka zo mini da maganar fita waje, da aka daidaita musu maganin nan, aka haɗa da rigakafin zazzaɓi, gidan sauro da yawan shan ruwa, sai kwanciyar asibiti ta ragu sosai. Idan an yi duk wannan ciwon bai lafa ba, ko hoton kai ya nuna haɗari, ko ta taɓa samun ciwon ƙirji mai tsanani, to hujjar dashe ta yi ƙarfi.

A Najeriya an fara yin dashen ne a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, a kan wani yaro mai sikila. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya, ya fara nasa. Da yawa kuma Indiya suke tafiya. Ko'ina ne kuɗin miliyoyi ne masu yawa, kuma kuɗin aikin ba shi ne ƙarshe ba, akwai zaman watanni kusa da asibitin, da magunguna da gwaje-gwajen shekara guda bayan an dawo. Iyalin da suka sayar da gida da gona suka biya aikin, suka dawo ba kuɗin maganin danne garkuwa, sun jefa yarinyar cikin haɗarin da ya fi na da. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi cibiyar masu sikila nawa ta yi wa, nawa suka rayu, kuma wane likitan jini ne zai karɓe ta a gida. Ku bi ta hannun likitanku, ba ta hannun dillali ba. Sannan ki yi hattara da masu tallan ƙwayoyi da garin sha a Facebook da WhatsApp da sunan "stem cell", wato irin jinin nan a Turance, wai daga tuffa ko inabi aka haɗa. Babu abin da ake haɗiya ya canza ɓargo. Kuɗinki kawai za su ci.

Idan ba a samu wanda ya dace cif a gida ba, ba a rufe ƙofa ba. Yanzu ana yin dashe da rabin dacewa, daga uwa ko uba ko ɗan'uwa, ta hanyar da likitocin Johns Hopkins suka ɓullo da ita, kuma sakamakon yana ta kyautatuwa, ko da yake sai a cibiyar da ta ƙware a kansa. Akwai kuma gyaran ƙwayar halitta, inda ake gyara irin jinin majinyacin a mayar masa da abinsa. An amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, don haka a yanzu labari ne kawai a wurinmu.

Sai ƙaninki. Ki ce masa ya shiga, kuma ya ja abokansa. Ba lallai rajistarsa ta amfani 'yarki ba, amma ga dalilin da ya sa aka bi su har makaranta. Ba masu sikila kaɗai ke neman dashe ba. Akwai masu sankarar jini, da waɗanda ɓargonsu ya daina aiki ɗungurungum, waɗanda in ba a yi musu ba watanni suka rage musu. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu neman dashe ba su da wanda ya dace a gida, sai a duba rajista. Wata uwa ce, Shirley Nolan, ta kafa ta farko a Ingila a 1974 tana neman wanda zai ba ɗanta Anthony. Bai samu ba, ya rasu a 1979, amma rajistar tana nan da sunansa. Yau waɗanda suka yi rajista a duniya sun haura miliyan 40.

Sai dai tunda tsagar nan gado ce, mutum ya fi samun wanda ya dace da shi a cikin masu asali irin nasa, kuma yawancin miliyoyin nan Turawa ne. Alƙaluman rajistar Amurka sun nuna farar fata yana da damar kashi 79 cikin 100 ya samu, baƙar fata kuwa kashi 29. Ga shi kuma mutanen Afirka sun fi kowa bambancin tsagar a tsakaninsu, saboda haka mu ne muka fi buƙatar rajista mai yawa, mu ne kuma muke da mafi ƙaranci. Bahaushen da sankarar jini ta kama a Landan ko Jidda, mai ceton sa ya fi yiwuwa yana Katsina ko Maraɗi yana harkarsa, ba wanda ya taɓa goga masa auduga a kumatu. Wani ɗan Najeriya, Seun Adebiyi, ya gamu da wannan a 2009, yana gama karatun lauya a Jami'ar Yale aka ce yana da sankarar jini, aka duba rajista ba a samu nasa ba. Da jinin igiyar cibiyar jariri aka yi masa dashe, irin wanda ake adanawa bayan haihuwa, ya tashi, ya kuma tsaya har aka buɗe rajistar Najeriya a Enugu a 2012. Har yanzu 'yar ƙarama ce ƙwarai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ake ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara.

Shigar ba wuya. Zai cike takardar lafiya, ya goga auduga a kumatu, shi ke nan. Rajistar Anthony Nolan tana ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 30, wata kuma mai suna DKMS tana ɗauka har zuwa shekara 55. Samari maza aka fi nema, don ɓargonsu ya fi ba da sakamako mai kyau. Yawancin masu rajista har su tsufa ba a kira su ba. Amma ki gaya masa magana ɗaya: kada ya shiga don kunyar abokai ko don an raba riga. In ya canza lambar waya ko ya dawo gida, ya sanar da su. In kuma aka kira shi, yana da ikon ya ce a'a, amma ya faɗa da wuri. Wanda ya amsa, aka share ɓargon majinyaci saboda shi, sannan ya janye, ya bar mutum ba tsoho ba sabo, kuma hakan yana iya zama ajalinsa.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar abin da jiki ke mayar da shi da kansa, kamar jini da fata, daga wani zuwa wani, da yardar mai bayarwa, ta kuma hana sayarwa. Ɓargo yana cikin abin da ke mayar da kansa. Malamai sun kuma bayyana cewa ba da jini ba ya haramta aure yadda shayarwa ke yi. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki, don haka duk wanda ya zo da maganar a biya shi ko ya biya ku, ku guje shi.

Shi kuma Alhaji, kada ki tsaya jayayya da shi a gida. Ki roƙe shi ya raka ku asibitin masu sikila ranar ganin likitan jini, ya yi tambayoyinsa da kansa, a nuna masa a jikinsa inda ake ɗiba da inda laka take. Ku fara da gwajin dacewa kawai, wanda bai wajabta muku komai ba. In sakamako ya nuna babban ne, a zaunar da shi a yi masa bayani shi kaɗai, ba a gaban ƙanwarsa ba, don ɗan shekara 15 ya isa a nemi yardarsa. A kuma gaya masa tun kafin a fara cewa in dashen bai kama ba, ba ɓargonsa ne ya gaza ba. Yaran da suka ba da ɓargo aka rasa ɗan'uwan sukan daɗe suna ɗora wa kansu laifi, ba tare da kowa a gidan ya lura ba.